Gidanmu na Kalley a Cikin Tele

Akwatin Inna ya daɗe a bayan ƙofar ɗakinta, a shirye, an ɗaure shi da tsohon ɗankwali saboda makullinsa ya lalace tun muna yara. Kowace safiya idan na shiga gaishe ta, shi nake fara gani kafin in gan ta. Ba ta ɓoye wa kowa niyyarta ba. Ta ce da zarar damina ta ɗauke za ta hau kar, babbar motar fasinja, ta koma Maradi wurin ƙanwarta, ta zauna can, Yamai ta ishe ta. Na yi lallashi, na yi fushi, na turo matata ta yi nata lallashin, duk a banza. Ni kuwa ba na son ta tafi, kuma na san halinta: idan ta tafi ba za ta dawo ba.

A Kalley aka haife ni, a wani babban gidan haya da ba shi da nisa da Babbar Kasuwa, inda Baba yake sayar da atamfa. Daga Maradi suka zo shi da Inna suna sabbin aure, suka kama ɗaki biyu, suka tsufa a ciki. Gida ne na tubalin ƙasa mai zaure ɗaya da iyalai da yawa, Hausawa da Zabarmawa, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, dogon yaro ɗaya da kowa yake cewa nasa ne. Bayan rasuwar Baba magadan mai gidan suka sayar, aka rushe, aka tayar da bene mai butik-butik, wato shagunan salula. Na ɗauko Inna na kawo ta gidana a bakin gari, sabuwar unguwa inda kowa yake bayan ƙofarsa ta ƙarfe. Na ba ta ɗaki mai fanka da bayi a ciki, ina ta jin kaina ɗa na gari. Ita kuwa, matar da muryarta take kaiwa titi idan tana ba da labari, sai ta koma ba ta wuce amsa gaisuwa. Ta taɓa ce wa matata, tun da ta zo unguwar nan ba wanda ya shigo aron ko garwashi.

Sana'ata gyaran odinatar, wato kwamfuta, da salula, a wani ɗan shago a Wadata. Amma abin da ya kai ni ga sana'ar, wasan tele ne. Muna yara akwai wani shago a bayan kasuwa mai tsohuwar tele da manet biyu na sarrafa wasa da aka ɗaure da roba, a nan muke ƙarewa bayan an tashi daga lakwal, wato makaranta. Mutanen cikin wasannin lokacin duk 'yan murabba'ai ne. Ɗan ƙwallo ba shi da ido ba shi da baki, ƙwallon ma kusurwa huɗu gare ta, amma mu muna ganin gumi a goshinsa, muna rantsuwa cewa ya yi fushi. Sau da yawa Inna ta zo ta fitar da ni da kunne, tana cewa shashanci ne zai kashe ni. Yanzu wasanni sun zama kamar sinima, har gashin gira ana ƙirgawa, kuma ni ba sa burge ni. Da na girma na koma neman masu kusurwa. Har na faɗa son wani iri da ake gina duniya gaba ɗaya da 'yan dunƙule masu kama da ƙwayar sukari. Masu sana'ar suna ce musu voksel. Ƙasa ƙwaya, ruwa ƙwaya, itace ƙwaya, tunkiya ma ƙwayoyi ce aka jera. Ka ɗora ɗaya a kan ɗaya, ka sami bango.

Kafin in kai ga wannan, na taɓa gwada faranta wa Inna da hoto. Wani abokina mai zanen gidaje ya zauna da ni, na kwatanta masa gidan Kalley, ya fitar da shi a na'ura sumul, har da inuwar ganye a ƙasa. Na kawo mata a salula ina murmushi. Ta riƙe nesa da fuska, ta duba, ta miƙo mini.

"Otal ɗin wa?" ta ce.

Daga nan ban sake tayar da maganar ba.

Saboda haka ranar Lahadin da na haɗa odinatar da babbar tele a falo na fara gina gidanmu da ƙwayoyin nan, don kaina nake yi. Ni ma ina kewarsa, ban dai faɗa wa kowa ba. Na yi zaure, na yi katanga, na dasa dogon yaro mai ganye kamar an tara kwalaye. Ina cikin jera ɗakuna Inna ta fito da buta za ta yi alwalar la'asar. Ta wuce ta bayana, sai na ji takunta ya tsaya.

Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Kai take ce mini, kuma daga yadda ta ja kalmar nake gane ko ina cikin lafiya.

"Kai. Randar ba nan take ba."

Na waiga. Idonta yana kan tele.

"Inna, kin gane wurin?"

"Mi zai hana in gane? Ga zaure, ga icce. Amma wa ya ce maka ana aje randa cikin rana? Maida ta gindin katanga, wajen ɗakin Nya mai fari masa."

Na matsar da ƙwayoyi uku masu launin ƙasa zuwa gindin katanga. Ta ce a'a, gaba kaɗan. Na ƙara. Ta ce yauwa. Ta tafi ta yi sallarta, ta dawo da kujerar tsugunne, ta ajiye kusa da ni ta zauna kamar wadda aka gayyata.

Na sha tunanin abin da ya sa ta ƙi hoton abokina ta karɓi wannan. Hoto mai santsi cika baki gare shi, yana cewa haka abin yake, idan ya kuskure kaɗan sai ido ya ƙi shi duka. Ƙwayoyin nan ba su da wannan girman kai. Ja ɗaya a tsakanin baƙaƙe uku, sai ka ce murhu ne, sauran kuma kowa ya cika daga cikin kansa, har da hayaƙi da ƙamshin daddawa. Ga shi kuma suna kama da tubali, abin da aka gina gidan da shi tun farko. Abin da muke yi da ɗan ƙwallon nan marar fuska muna yara, shi Inna take yi yanzu da furfurarta, ita da ta ja mini kunne a kansa. Na so in tuna mata, na ga ba ranar tsokana ba ce.

Tsokanar ta zo da kanta. Inna ta zama shugabar gini, kuma ban taɓa aiki a ƙarƙashin mai tsanani irinta ba. Idan na dawo daga Wadata da yamma, kafin in ajiye jaka sai in tarar ta sa matata ta goge tele. Ta san tsawon kowane ɗaki da wanda ya zauna a ciki da wanda ya gaje shi. Ta san inda katanga ta tsage shekarar da ruwa ya yi yawa, kuma sai da na cire ƙwaya biyu na bar tsagar. Na ce mata ai yanzu muna da damar gyarawa. Ta ce ta nan take miƙa wa matar tela gishiri, in bar mata abinta.

Wata rana na ga zagayawa ta zaure ya yi mini nisa, sai na fasa katanga na shige tsakar gida, da niyyar in toshe daga baya. Ta dafe ƙirji.

"Ɓarawo na haifa? Gida da ƙofa kana shiga ta bango?"

Na toshe, na zagaya, na shigo ta zaure kamar ɗan mutunci.

Abin da ya fi ba mu dariya shi ne ranar tashi sama. A wasan kana iya ɗagawa kamar tsuntsu ka hango komai daga bisa, kuma haka ake jin daɗin yin rufi. Na danna, ƙasa ta yi nisa, gidan gaba ɗaya ya bayyana a ƙarƙashinmu, tsakar gida da bayi da madafa. Ina jiran yabo, sai na ji duka a kafaɗa.

"Sauko! Sauko maza! Ka sanar da mutane?"

A Kalley, namiji ba ya hawa rufi ko itace sai ya aika yaro gida-gida ya ce za a hau sama, don matan da ke tsakar gida su kimtsa. Wanda ya hau ba sanarwa, har limami sai ya ji labarinsa. Na ce, "Inna, ba kowa a ciki fa, ko kaza ban saka ba tukuna." Ta buɗe baki za ta ba ni amsa, sai abin ya zo mata, ta fashe da dariya har tana share ido da bakin mayafi. Matata ta fito daga madafa da ludayi a hannu, don tun zuwan Inna gidan ba ta taɓa jin wannan dariyar ba. Amma duk da dariyar, ba ta janye dokar ba. Daga ranar, duk lokacin da zan tashi sai na ɗaga murya a falona na ce, "Za a hau sama!" ita kuma ta amsa, "An kimtsa, hau."

A duk wannan lokacin akwatin yana nan inda yake. Ina duba shi kowace safiya, ɗankwalin bai motsa ba. Ruwan sama kuma ya fara ja da baya, kwana da kwanaki sai hadari ya haɗu ya watse. Ƙanwarta tana bugo salula daga Maradi tana tambayar ranar zuwa, ina jin Inna tana cewa saura kaɗan. Sai na fara jan aikin da gangan. In gina bango in ce launin bai yi ba, in rushe. Ta gane ni sarai. Ta ce magini mai jan aiki ba a sake kiransa.

Ranar da muka ɗora ƙwayar ƙarshe a rufin madafa, na kawo mu bakin zaure na ce, "To Inna, bismilla, mu shiga ɗakinki ki gani." Sai ta riƙe mini hannu.

"Haka ake shiga sabon gida wurinku? Ba sadaka, ba addu'a, ba maƙwabta?"

Na ɗauka wasa take yi. Na ce ai mun yi makonni muna shiga muna fita.

"Wancan shigar magina ce. Yanzu an gama. Gidan ga ba namu ba ne mu kaɗai, da masu ɗakuna. Ka nemo mini su."

Neman nasu ya zama aiki. Rushewar gidan ta watsa mutanen Kalley ko'ina cikin Yamai, wasu har ƙetaren kogi. Na fara da Nya. Bazabarma ce mai tuyar fari masa a ƙofar zaure, ita ce babbar ƙawar Inna, kuma duk yaran gidan Nya muke ce mata, wato uwa da harshensu. Na same ta a gidan ɗanta, ta rame, tana zaune ita kaɗai a gaban tele da ba ta kallo. Da na yi mata bayani ba ta fahimci komai ba, amma da ta ji Inna ce take kira sai ta ce a miƙo mata mayafi. Da ƙyar na shawo kanta ta bari sai Juma'a. Ita ta san inda matar tela take, matar tela ta san inda matar direba take, haka zaren ya yi ta warwarewa.

Inna kuwa ta tashi tsaye. Matar da sai an roƙe ta take cin abinci, ita ce ta shiga taksi da matata har Babbar Kasuwa, ta yi ciniki har mai zogale ya ce ta tausaya masa. Aka yi dambu, aka yi kopto, kwaɗon zogale, saboda Zabarmawa, aka dama fura. Ta buɗe akwatin ta ciro zanenta na fita, ta sake ɗaurewa. Na ga buɗewar, na ga ɗaurewar, zuciyata ta hau ta sauka.

Bayan sallar Juma'a suka fara isowa, wasu a taksi wasu a bayan babur, tsofaffi da sanduna da jikoki. Nya ta shigo tana "Fofo, fofo," gaisuwarsu ta Zabarmanci, suka rungume juna da Inna suna kuka suna zagin juna a kan wadda ta fi tsufa. Falona bai taɓa cika haka ba. Tsohon tela, wanda shi kaɗai ya rage cikin mazan gidan, ya yi addu'a aka shafa. Sannan Inna ta ce in kunna.

Zauren ya bayyana a tele, sai kowa ya zuba masa ido. Na tura mu gaba zan shiga, Nya ta ɗaga hannu ta ce, "Salamu alaikum." Duk ɗakin suka amsa mata da baki ɗaya, ba wanda ya yi dariya sai daga baya.

Daga nan kuma sai hayaniya. Matar direba ta ce an rage mata ɗaki, nata ya fi haka faɗi. Matar tela ta ce ƙarya ne, tun can ma da labule ta ci rabin baranda. Nya ta nemi kaskon tuyarta, na ajiye ƙwaya baƙa ɗaya a ƙofar zaure, ta ce shi ne, har da gefen da ya lotse. Suka yi gardama a kan reshen dogon yaro da aka sare, aka tono wanda ya sare shi da dalili, aka yafe masa tun da ya rasu. Duk ɗakin da za mu shiga sai mai shi ta ba da izini, wata ma ta ce a dakata ba ta yi shara ba. Na yi ta gini da rushewa, gumi yana zuba, tsofaffi goma suna ba ni umarni a lokaci guda da harshe biyu. Rabon da in ji daɗi irin na ranar har na manta.

Ana cikin haka kuran ya ɗauke, wuta ta tafi. Tele ta yi baƙi, fanka ta tsaya. Na dubi Inna, na ga fuskar da ta yi ranar da muka tsaya a titi muna kallon motar rusau.

"Ya tafi?" ta tambaya a hankali.

"Yana nan, Inna. A ajiye yake. Ko na'urar ta lalace ina da shi a wani wuri."

Ba ta yarda ba sai da wutar ta dawo, na kunna, zaure ya fito da kaskon Nya a bakinsa. Matar direba ta rangaɗa guɗa har maƙwabcina, wanda ban taɓa jin muryarsa ba, ya leƙo yana tambaya ko aure ake yi. Inna ta sa aka zuba masa dambu.

Da la'asar ta yi sanyi baƙi suka fara tafiya, kowace tana barin saƙo: a ƙara mata taga, a sa mata turmi, Juma'a mai zuwa za ta zo ta duba. Aka bar ni da Inna, da kwanuka, da gidan a tele. Sai na yi ƙarfin hali na faɗi abin da na daɗe ina juyawa. Na ce ana iya yin mutane ma da ƙwayoyin nan. Idan tana so zan yi Baba, da farar riga da hula, in zaunar da shi a zaure inda yake zama bayan ya dawo kasuwa.

Ta dubi zauren a tele.

"A'a," ta ce. "Kar ka yi shi. Sa mini takalminsa bakin ƙofar ɗaki."

Na ɗauki ƙwaya biyu masu ruwan ƙasa na jera a bakin ƙofa. Ta ce in ɗan karkatar da ɗaya, bai taɓa cire su daidai ba. Na matsar da ta hagu baya kaɗan. Ƙwayoyi biyu ne kawai, ko igiya ba su da ita, amma wallahi ina ganinsu na ji tarinsa daga cikin ɗaki. Hawaye ya zubo mini, ban ɓoye ba.

"To," in ji Inna. "Yana ciki. Kar ka shiga, yana hutawa."

Har yau ban shiga ɗakin ba.

Washegari da safe na je gaishe ta, na duba bayan ƙofa kamar kullum, ban ga komai ba. Akwatin yana kan kabad, ɗankwalin kuma yana shanye a igiya an wanke shi. Ita tana zaune bakin gado da salula a kunne, tana magana da ƙanwarta da irin muryar nan da ke kaiwa titi.

"Ina zan tafi in bar gida? Ina da baƙi duk Juma'a, kuma yaron ga in ba a tsaye kansa ba ta bango yake shiga. Ke ki hau kar ɗin Yamai ki zo. Ɗakin da kike sauka yana nan, na sa ya yi miki shi."

Ban yi mata shi ba, don ban ma san wanne ba ne. Na gaishe ta, na fita, na bugo wa yaron shagona na ce yau zan makara. Na kunna tele, na ɗaga murya na ce za a hau sama.

"An kimtsa," ta amsa daga ɗaki. "Jira ni in zo, kar ka sa taga inda ba ta."